Wa Ke Ambaton Mai Farfaɗiya A Kaya?

Duk shekara idan kaka ta kusa, akwai wani saƙo da ke zagaya zaurukan WhatsApp na malaman jami'a da likitoci. Hoton farfesa ne cikin babbar riga ko farar rigar asibiti, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa sunansa ya fito a jerin nan da ake jingina wa Jami'ar Stanford, wanda ke ware kashi 2 cikin 100 na masanan duniya da aka fi ambaton ayyukansu. Sai addu'o'i su biyo baya: Allah ya ƙara basira, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ni ma nakan rubuta tawa, kuma da zuciya ɗaya nake yi, domin na san abin da mutum ke sha kafin ya fitar da muƙala guda a ƙasar da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo. Sai dai tun da wata larura ta gida ta sa na yi zirga-zirga tsakanin Kaya da ɗakunan jira na asibitoci, na fara karanta waɗannan alƙaluma da wani ido daban.

Ɗiyar ƙanwar mahaifiyata ce, wadda a gidanmu ƙanwata kawai ake cewa. Tana da shekara tara ta fara faɗuwa. Takan sandare, idanu su juye, jiki ya kama jijjiga, bayan 'yan mintoci ta farfaɗo a gajiye ba ta san abin da ya faru ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, kuma ban ga laifin iyayenta ba, abin da ke kusa da hannunsu suka kama. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne an cire ta daga makaranta, an kuma ware mata kwanonta, saboda tsohuwar maganar nan cewa ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta taɓawa. Da na kai ta wani asibiti a birni, aka ce sai an yi mata gwajin EEG, aka kuma ce na'urarsu ta lalace. Muka je wani wurin gwaji na kuɗi, aka sa aka tsefe mata kitso aka wanke gashin ba tare da an shafa mai ba, aka manna mata wayoyi, aka ba mu tulin takardu masu zane-zane. Ƙarshen takardar, inda ya kamata ƙwararre ya rubuta abin da ya gani, babu komai a wurin.

Wannan fanko na ƙarshen takarda shi ne ya sa na fara bibiyar fannin da likitoci ke kira nazarin lantarkin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibiti, da mutanen da ke aikinsa a Arewa, da kuma yadda duniyar ilimi ke auna darajar abin da suke yi.

Asalin fannin abu ne mai sauƙin fahimta. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna isar da saƙo da ɗan ƙanƙanen lantarki, kuma ana iya sauraron wannan lantarki daga waje. A gwajin EEG ana manna wayoyi kusan ashirin a fatar kai bisa wani tsari da aka amince da shi a duniya, na'ura ta zana hawa da saukar lantarkin, ƙwararre ya duba ko akwai tsinin da ke nuna farfaɗiya, daga wane ɓangare yake tasowa, kuma wace iri ce. Sanin irinta yana da muhimmanci, domin maganin da ke kwantar da wata farfaɗiyar yana iya tsananta wata. Ɗaya gwajin kuma na jijiyoyin hannu da ƙafa ne: a ɗan tsikari jijiya da lantarki a wuri ɗaya, a auna lokacin da saƙon ya ɗauka ya isa wani wurin. A hannun lafiyayyen baligi, saƙon kan yi gudun mita 50 zuwa 60 a daƙiƙa. Idan ya yi jinkiri ko ya raunana, to jijiyar ta taɓu, kamar yadda ake gani a masu ciwon suga, ko kuturta, ko wanda jijiya ta matse masa a wuyan hannu.

Wanda ya fara ɗaukar zanen lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam wani likitan Jamus ne, Hans Berger, a garin Jena a 1924. Ya riƙe abin shekara biyar yana sake gwadawa kafin ya wallafa a 1929, kuma ko da ya wallafa, manyan masana ba su gaskata shi ba. Sai a 1934, lokacin da Edgar Adrian da Brian Matthews suka maimaita gwajin a Kambirij suka tabbatar da shi, aka fara kallon aikin da mutunci. Da a ce a 1932 wani kwamitin ƙarin girma ya zauna ya ƙirga masu ambaton Berger, da ya ce masa ya koma ya ƙara himma.

Ita kuwa ƙirgar, ga yadda take. Duk muƙalar kimiyya tana ƙarewa da jerin ayyukan da marubucin ya dogara da su, kuma duk lokacin da aikinka ya shiga irin wannan jeri, an ambace ka sau ɗaya ke nan. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kawo shawarar tattara waɗannan ambato a 1955, ya kuma fitar da kundinsu a 1964, da nufin sauƙaƙa wa masu bincike gano wanda ya ci gaba daga inda wani ya tsaya. Kayan aikin laburare ne tun asali. A 2005 wani masanin fiziya a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro abin da ake kira ma'aunin h: idan kana da muƙala 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20, ma'auninka 20 ne. Mai muƙala biyar kacal, ko da an ambaci kowace sau dubu, nasa ba zai wuce biyar ba. Yau shafuka irin su Google Scholar da Scopus suna lissafa wa kowa nasa kullum, kuma jami'o'inmu, da masu ba da tallafin bincike, da masu jera jami'o'i daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, duk sun rungumi lambar.

Don a ga abin da lambar ke kamawa da abin da ke zille mata, na ɗauki aikin mutum ɗaya da ke kusa da mu: Farfesa Lukman Femi Owolabi, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero. Kada a rikita shi da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, wanda shi ma fannin ke nan. Su kansu rumbunan ƙirgar sukan cakuɗa masu suna iri ɗaya, kuma duk wanda sunansa Abdullahi ko Ibrahim ya san wannan ciwon kai. Ban taɓa zama da Farfesa Lukman ba. Abin da zan faɗa daga muƙalunsa da ke a bainar jama'a na ɗauko shi, kuma iri uku daga cikinsu sun ishe ni misali.

Akwai manyan ayyukan haɗin gwiwa, irin binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Gana, wanda Kano da Zariya ke cikin cibiyoyinsa. Sakamakonsa da ya fito a mujallar Lancet Global Health a 2018, bayan kwatanta majinyata 2,118 da adadin lafiyayyu kamarsu, ya nuna hawan jini ne uban tafiya a cikin abubuwan da ke jawo cutar a yankinmu. Irin wannan muƙala tana ɗauke da sunayen marubuta masu yawa, kuma duk ambaton da ta samu ana rubuta wa kowannensu cikakke, kamar shi kaɗai ya yi aikin.

Akwai kuma muƙalun da ke tattara binciken da wasu suka riga suka yi, a tace su, a fitar da adadi ɗaya. A 2019 shi da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar Epilepsy & Behavior cewa, bisa ƙidayar gida-gida da aka gudanar a sassan Najeriya, kusan mutum 8 cikin kowane 1,000 na fama da farfaɗiya, wato sama da mutum miliyan ɗaya. A 2020 sun sake fitar da wata da ta nuna kusan kashi biyu cikin uku na masu farfaɗiya a Afirka kudu da Sahara ba sa samun maganin da ya kamata. Waɗannan su ne irin muƙalun da ambato ke bi kamar ƙuda da zuma, saboda duk ɗalibi ko masanin da zai rubuta wani abu kan farfaɗiya a Najeriya yana buƙatar adadi a sakin layinsa na farko, kuma nan zai zo ya ɗauka.

Sai iri na uku, wanda ni ya fi tsaya mini a rai. A 2016 shi da wasu malaman sashen nazarin sassan jikin ɗan Adam na Jami'ar Ahmadu Bello sun wallafa sakamakon auna gudun saƙo a jijiyar tsakiyar hannu ta lafiyayyun 'yan Najeriya 200 a Kano. Babu cuta a ciki, babu sabon magani, babu abin da zai ja hankalin ɗan jarida. Mutane ne masu ƙoshin lafiya aka zaunar ɗaya bayan ɗaya ana tsikarar hannunsu da lantarki ana rubuta lambobi. Amma ka yi tunanin me ake nufi da a ce gwajin majinyaci “ya kauce wa daidai”. Daidai ɗin wa? Gudun saƙon jijiya yana canzawa da shekaru, da tsawon mutum, da ɗumin fatarsa, har ma bambancin digiri ɗaya na zafi yana sauya shi da kusan mita biyu a daƙiƙa. Shi ya sa ƙa'idar fannin ta ce kowane ɗakin gwaji ya nemi ma'aunin mutanensa. Idan babu irin wannan aiki, likita a Kano zai riƙa auna hannun manomi ɗan Bakura da jadawalin da aka fitar daga hannun mutanen wata ƙasa mai sanyi, cikin ɗakin da ba irin nasa ba.

Wa zai ambaci muƙala irin wannan? Masu gwajin jijiya a Turai suna da nasu jadawalin. Waɗanda suka fi buƙatar na Kano su ne likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji a Arewa, kuma su ba rubutu suke yi da shi ba, majinyaci suke dubawa. Likitan da ya manna jadawalin a bango ya yi amfani da shi sau ɗari biyar a shekara bai ƙara wa marubucin ko ɗigo ɗaya a Google Scholar ba. Ɗalibin da ya kwafi “8 cikin 1,000” daga taƙaitaccen bayanin muƙala, ba tare da ya karanta sauran ba, shi ya ƙara masa ɗaya. A ganina wannan shi ne babban aibin ma'aunin ga fanni irin wannan: yana ƙirga hirar da masana ke yi a tsakaninsu, alhali rabin amfanin aikin asibiti yana faruwa ne a ɗakin da babu mai riƙe da alƙalami sai don rubuta magani.

Na san abin da abokaina malaman jami'a za su ce, kuma suna da hujja. Kafin zuwan waɗannan alƙaluma, da ma bayan zuwansu a wasu wuraren, ƙarin girma kan rataya ne a kan wa ka sani da wa ke shugabantar kwamiti. Mun ga mujallun da ake bugawa a kwafi ɗari don a cika fayil, mun ga na intanet da ke karɓar dala su wallafa ko mene ne cikin mako guda. Matashin malami da ba shi da uban gida, amma masana a Indiya da Birazil suna ambaton aikinsa, yana da shaidar da babu mai iya ɓoye ta a aljihun tebur. Ba na goyon bayan a yar da wannan. Haka kuma ba na raina muƙalun tattara adadi, domin kwamishinan lafiya ba zai ware kuɗi don cutar da ba a san yawan masu ita ba. Ƙorafina shi ne an ɗauki ma'auni guda an mai da shi mudun da ake auna hatsi da mai da yadi. Su kansu waɗanda suka fi mu daɗewa da shi sun fara ja da baya: a 2012 wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Faransisko da ke kira a daina auna mutum da martabar mujallar da ya yi rubutu a cikinta, a 2015 kuma aka fitar da ƙa'idojin Leiden, waɗanda ɗaya daga cikinsu ya yi kira a kare binciken da amfaninsa na gida ne. Mu kuwa yanzu muke shiga da gudu.

Akwai wani abu da ya fi wannan zurfi, kuma shi ne ya dawo da ni Kaya. Adadin “8 cikin 1,000” matsakaici ne da aka haɗa daga garuruwan da aka taɓa shiga aka ƙirga. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan, wanda ya rasu a 1995, kuma wanda aikinsa kan lalacewar jijiyoyi sakamakon gubar rogon da ba a sarrafa da kyau ba ya yi suna a duniya, ya jagoranci ƙidaya biyu a yankin Ibarapa na jihar Oyo a shekarun 1980. A Aiyete an samu masu farfaɗiya 37 cikin 1,000. A Igbo-Ora, garin da ba shi da nisa da can amma ya daɗe da tsarin kula da lafiya a matakin farko, an samu 5.3. Ninki bakwai tsakanin maƙwabta. A 2021 Dokta Musa Watila, likitan jijiyoyi daga Maiduguri, da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Neurology ƙidayar da suka yi a wurare uku, inda suka tantance mutum sama da 42,000. A Ijebu-Jesa sun samu 3.3 cikin 1,000, a Afikpo 4.8, a Gwandu ta jihar Kebbi kuwa 17.7.

Idan mutum yana neman abin da zai kwatanta Kaya da shi, Gwandu ta fi kusa da ita fiye da matsakaicin ƙasa, a nisa da yanayi da irin rayuwa. Dalilan da ke haifar da farfaɗiya a wurare irin namu sanannu ne: doguwar naƙuda a gida da jariri ke fitowa bai yi kuka da wuri ba, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau da ke ziyartarmu da bazara, buguwar kai a haɗarin babur. Mafi yawansu abubuwa ne da ake iya karewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan aka gano cutar aka ba su magani daidai. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobabiton, tun 1912 ake amfani da shi, kuma yana cikin mafi araha a kantin magani.

Zamfara kuma tana da nata ƙarin nauyin da ba kowace jiha ke da shi ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara suna wasa a ƙurar. Yara sama da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da masu bincike suka shiga gida-gida, sun tarar kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda, kuma mafi yawansu sun yi jijjiga kafin rasuwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tare da jami'an lafiya na Najeriya, sun yi aikin ceto na gaske, sun kuma wallafa muƙalu masu daraja, ciki har da wadda ta fito a 2014 kan alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa a yara 972. Duniya ta ambaci waɗannan muƙalu, kuma sun cancanta. Amma dalma ba ta barin ƙwaƙwalwar yaro yadda ta same ta, kuma waɗancan yaran da suka tsira yau samari ne da 'yanmata, wasu sun yi aure. Bibiyar irinsu shekara bayan shekara, a ga wa ke faɗuwa, wa ya kasa karatu, wa hannunsa ya raunana, aiki ne mai tsada, mai jinkiri, mai haɗari a hanyoyin da muka sani, wanda zai iya cin shekara goma ya haifar da muƙala biyu. Malamin da ke neman zama farfesa kafin ya cika hamsin, idan ya yi lissafi da mudun da aka ba shi, zai zauna a ofis ya tattara binciken wasu ya fitar da biyar a shekara. Ban zarge shi ba. Lissafinsa daidai ne.

Haɗarin hanya kuwa ba sai na yi wa ɗan wannan yanki bayani ba. Ranar 1 ga Satumba, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya suka kwashe ɗalibai sama da 70, kuma cikin 'yan kwanaki aka katse layukan waya a faɗin jihar. Ƙidayar gida-gida tana buƙatar matasa su ɗauki takardu su bi ƙauye-ƙauye, likita ya biyo baya ya tabbatar. Wurin da ba a iya shiga ba a ƙirga shi, wanda ba a ƙirga ba ba ya shiga muƙalar tattarawa, kuma daga wannan muƙalar ake ɗauko adadin da ake tsara manufa da shi. Ta haka yankin da wataƙila ya fi kowa ɗauke da cutar yake zama wanda babu shi a lissafin.

Wani ɗan Arewa ya riga ya auna mana yadda ambato ke rabuwa a nahiyar. Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe da ke bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya jagoranci wani aiki da ya fito a mujallar Nature Communications a 2021, inda suka tace muƙalu 5,219 na kimiyyar ƙwaƙwalwa da aka yi a Afirka cikin kimanin shekara ashirin. Ƙasashe biyar, Masar da Afirka ta Kudu da Najeriya da Maroko da Tunisiya, su ke da kusan kashi uku cikin huɗu. Sun kuma ga cewa haɗin gwiwa da masana na Turai da Amurka yana tafiya tare da yawan ambato da shiga manyan mujallu. Wato lambar da muke taya juna murna a kanta tana auna ingancin aiki, tana kuma auna wa kake da lambar wayarsa a waje. Wannan ba laifi ba ne a kansa. Tambayar ita ce wa ke zaɓar abin da za a bincika idan kuɗin daga can yake zuwa.

Akwai misalin da ke nuna haɗin gwiwar na iya fuskantar inda ya dace. Aikin BRIDGE, wanda Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta gudanar tare da Asibitin Malam Aminu Kano da takwarorinsa a Zariya da Kaduna, ƙarƙashin masana irin su Farfesa Edwin Trevathan da Farfesa Muktar Aliyu, ya taso ne daga amincewa da gaskiya mai ɗaci: likitocin jijiyoyi ba za su taɓa isar yaran Arewa ba a nan kusa. Saboda haka aka horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gano farfaɗiyar yara su kuma kula da ita, aka shirya tambayoyin tantancewa da Hausa, aka gwada tsarin a ƙananan asibitoci 60 don a kwatanta shi da kulawar likita. Ka lura da tambayoyin nan na Hausa. Zama a gano yadda uwa a Kano ke kwatanta ɗaukewar hankalin ɗanta na daƙiƙa goma, da kalmar da za a tambaye ta da ita ba tare da ta ji an ce ɗanta na da iska ba, ilimi ne na gaske. Ma'aikaciyar lafiya a Maradun za ta iya amfani da takardar shekara ashirin ba ta san sunan wanda ya tsara ta ba.

Abin da nake so daga jami'o'inmu ba mai wuya ba ne. Idan malamin fannin lafiya ya zo neman ƙarin girma, a duba ambatonsa, sannan a ce ya zaɓi ayyuka uku ya bayyana da bakinsa me suka canza, a ina, kuma wa zai shaida. A ba jadawalin ma'auni na gida, da takardar tantancewa da aka inganta da Hausa ko Fulfulde, da ma'aikatan EEG da mutum ya horar suka koma Gusau ko Birnin Kebbi, maki na sosai a takardar tantancewa, ba godiya ta fatar baki ba. Asusun TETFund, da ke raba kuɗin bincike ga manyan makarantu, zai iya ware wani kaso ga aikin da zai ɗauki shekaru a wuraren da ba a taɓa ƙirgawa ba, ya kuma yarda tun farko cewa muƙalun za su yi kaɗan. Jami'ar jihar Zamfara da aka kafa a Talata Mafara tana da damar da tsofaffin jami'o'i ba su da ita, domin har yanzu al'adunta ba su daskare ba, kuma tana zaune ne a tsakiyar tambayoyin da babu wanda ya fi ta kusa da su. Ita ma gwamnati ta sa hannu: a Mayun 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya, suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan jijiyoyi, wanda zai ƙare a 2031.

Mu 'yan jarida ma muna da kaso a laifin. Idan sanarwar jami'a ta zo cewa wane ya shiga jerin Stanford, mukan kwafe ta yadda take mu ɗora hoto. Da wuya ka ga wanda ya ɗaga waya ya tambayi farfesan wace muƙala ce aka fi ambata, me ta gano, ko wace ce shi ya fi alfahari da ita ko da ba a ambace ta ba. Ina kyautata zaton da yawansu za su ji daɗin tambaya ta ƙarshen fiye da taya murnar.

Ƙanwata dai a ƙarshe wani likita ne ya duba ta, wanda ya ajiye tulin takardun nan gefe ya ce ba zai yi ƙaryar ya iya karanta su ba. Ya bayyana mana cewa ko an karanta, gwajin EEG na farko yakan fito babu komai a wurin kusan rabin masu farfaɗiya, domin ba kullum tsinin ke bayyana a cikin rabin sa'ar da ake ɗauka ba. Ya zaunar da mahaifiyarta ya yi mata tambayoyi kusan minti arba'in, ya kalli ɗan bidiyon da yayanta ya ɗauka da waya lokacin da abin ya tashi, ya rubuta ƙwaya ɗaya safe da dare, ya ja kunnenmu kada a tsayar ko da ta ji sauƙi. Ta koma makaranta. Sau biyu abin ya dawo, duka biyun a lokacin da hanya ta rufe maganin ya ƙare kafin a samu mai zuwa Mafara ya sayo. Takardun EEG ɗin suna nan cikin ambulan a akwatin mahaifiyarta, ƙarƙashin zannuwa, kuma duk lokacin da na je gida takan tambaye ni ko na samu wanda zai karanta su.